Cajar Mota Mai Sauri: Abin Da Za Ka Duba Kafin Ka Miƙa Kuɗinka

Waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba, ga shi nan mun rubuto muku kamar yadda muka saba.

Yau maganar cajar mota za mu yi. Na san wani zai ce, caja kuma? To, ku tuna ƙarshen watan Oktoban 2024, lokacin da jihohin Arewa da dama suka shafe kwanaki a jere babu wutar lantarki. Mutane da yawa a mota suka riƙa cajin wayoyinsu. Direban da ke samun fasinja ta manhaja, in wayarsa ta mutu, aikin ranar ya tsaya. Haka mai POS, haka ɗan kasuwar da ke jiran alat, haka ɗalibar da ta taso daga Kano zuwa Abuja iyayenta na jiran kiranta. Waya yanzu jari ce, kuma kun san yadda ta yi tsada. Cajar da ba ta da kyau, ko dai ta ɓata maka lokaci, ko ta gajiyar da batirinka, ko ma ta ƙona maka wayar ɗungurungum.

Ga abin da nake so ku riƙe a shirin yau. Babbar lambar nan da ake rubutawa a gaban kwali, 65W ko 100W, ba ita kaɗai ke kawo saurin caji ba. Abu uku ne sai bakinsu ya zo ɗaya: wayarka, cajar, da igiyar da ta haɗa su. In ɗaya ya gaza, sauran biyun sai su koma tafiyar hawainiya. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

LISSAFIN DA KOWA ZAI IYA

A jikin kowace caja akwai haruffa uku: V, A da W. Ku ɗauki wuta kamar ruwan famfo. V, wato bolt, shi ne ƙarfin da ke tura ruwan. A, wato amfiya, shi ne yawan ruwan da ke wucewa ta cikin tiyo. W kuma, wato wat, shi ne aikin da su biyun suka yi tare. In ka ninka V da A, ka samu W. Shi ke nan lissafin.

Misali, 5V sau 1A ya ba ka wat 5, irin tsohuwar cajar da muka taso da ita. 5V sau 2.4A wat 12 ne. 9V sau 2A wat 18, daga nan ake fara kiran caji mai sauri. 20V sau 3.25A wat 65, wannan har kwamfutar tafi-da-gidanka zai ɗauka.

Amfanin sanin wannan shi ne, wayar da ke kan taswira, allonta a kunne da haske sosai, data na aiki, tana iya shan wuta kusan daidai da abin da cajar wat 5 ke ba ta. Shi ya sa za ka ga direba ya yi awa biyu waya na jone, amma caji bai motsa ba, wani lokaci ma raguwa yake yi.

WAYA DA CAJA SAI SUN YI MAGANA

Wannan shi ne abin da yawancinmu ba mu sani ba. Da zarar ka jona waya, ita da cajar sukan yi 'yar gajeriyar tattaunawa. Cajar ta faɗi abin da take iya bayarwa, wayar ta zaɓi abin da za ta iya ɗauka. In ba su jin yaren juna, sai su koma kan 5V, wato caji na yau da kullum, komai girman lambar da ke kan kwali.

Yarukan da za ku fi cin karo da su guda uku ne.

Na farko Power Delivery, ana taƙaita shi PD. Shi ne yaren gama-gari, kuma ta bakin USB-C yake aiki. Da farko iyakarsa wat 100, sai a 2021 aka faɗaɗa shi zuwa wat 240. Tarayyar Turai ma ta wajabta USB-C a kan sababbin wayoyin da ake sayarwa a ƙasashenta tun daga 28 ga Disamban 2024, wanda ke nuna inda duniya ta dosa.

Na biyu PPS. Wannan reshe ne na PD, yana bai wa waya damar neman bolt ɗin da take so kaɗan-kaɗan, tana ƙarawa tana ragewa, don kada ta yi zafi.

Na uku Quick Charge na kamfanin Qualcomm, za ku ga an rubuta QC 3.0. Yawanci a tsohon baki mai faɗi yake, wato USB-A, kuma yakan ba da kamar wat 18.

Bayan waɗannan, wasu kamfanoni suna da nasu yaren na gida. Oppo na da VOOC da SuperVOOC, Xiaomi na da nasa, haka wayoyin Tecno da Infinix da yawa masu babban wat.

TO, WACCE ZA KA SAYA?

In iPhone gare ka, daga iPhone 8 na 2017 zuwa sama, PD kake buƙata. Caja mai PD wat 20 takan kai batir wajen rabi cikin minti 30. Wat 30 ya fi, musamman ga manyan. Daga iPhone 15 bakin USB-C ne, na ƙasa da shi kuwa sai igiyar USB-C zuwa Lightning.

In Samsung ce mai ɗaukar wat 25 ko 45, ka tabbatar an rubuta PPS a jikin cajar. In babu, ko da cajar wat 65 ce, yawanci wajen wat 15 za ka samu.

In Tecno ce, ko Infinix, ko Oppo, ko Redmi mai wat 33 zuwa sama, gaskiyar magana ita ce sau da yawa cikakken saurin sai da cajar kamfanin da igiyarsa. A cajar mota ta gama-gari za ta yi caji lafiya, amma ba da saurin da ka saba gani a gida ba. Kada ka biya kuɗin wat 100 kana tsammanin mu'ujiza. Ka nemi mai PD da QC 3.0 a haɗe, ko ka bincika ko kamfanin wayarka na da cajar mota tasa.

In har kwamfuta za ka riƙa caji, ka duba ko akwai 20V a cikin jerin abin da cajar ke fitarwa. Batirin ƙaramar mota 12V ne, don haka sai cajar na da abin da zai ɗaga wutar zuwa 20V. Masu araha da yawa ba su da shi. Yawancin ƙananan kwamfutoci masu bakin USB-C wat 45 zuwa 65 suke nema.

Kuma kada ka ji tsoron cewa caja mai babban wat za ta ƙona ƙaramar waya ko iyafis. In dai cajar ta ƙwarai ce, na'urar ce ke ɗibar iya abin da take buƙata.

DABARAR KWALI

A nan ake yi wa mutane wayo. Ka ga caja mai baki uku an rubuta 60W da manyan haruffa. Sau da yawa wannan jimla ce, an haɗa na duka bakunan. Wataƙila kowane baki wat 20 ne. Wata kuma in waya ɗaya ce tana ba da wat 45, amma da zarar abokinka ya jona tasa, sai wutar ta rabu, kowa ya koma ja da ciki.

Saboda haka ka juya cajar ka karanta ƙananan rubutun. Ta ƙwarai za ta jera maka na kowane baki daban, kamar haka: 5V/3A, 9V/2.22A, 12V/1.67A. Ka ninka, za ka ga wat 20 ke nan. In tana da PPS za ka ga wani abu kamar 3.3-11V. In ka ga 5V kaɗai aka rubuta, ba mai sauri ba ce, ko da an zana walƙiya goma a kwalin. In kuwa babu rubutun kwata-kwata, babu sunan kamfani, ajiye musu kayansu.

IGIYA

Wallahi rabin ƙorafin da ake yi a kan caja, laifin igiya ne. Igiyar USB-C ta yau da kullum 3A take ɗauka, wato iyakarta wat 60. In kana son fiye da haka, sai mai ɗaukar 5A, wadda ke da ɗan ƙaramin guntu a kanta da ke shaida wa caja cewa za ta iya. Wasu Samsung masu wat 45 ma irin wannan igiyar suke so kafin su ba da cikakken saurinsu.

Sannan PD da PPS ba sa bi ta tsohon baki mai faɗi. Dole bakin cajar ya zama USB-C. Igiya siririya mai tsawo kuma tana zubar da wuta a hanya. A cikin mota, mita ɗaya ya isa. In ka ga ta fara tsagewa a wuya, ko sai ka lanƙwasa ta kafin ta kawo wuta, ka rabu da ita.

ITA KANTA MOTAR

Soket ɗin da ake jona cajar, asalinsa na kunna sigari ne. A ƙananan motoci 12V ne, in inji na aiki yakan haura zuwa wajen 14V. Amma tirela da manyan motoci da yawa 24V suke amfani da shi. Direbobin manyan motoci, ku tabbatar an rubuta 12-24V a wajen wutar da cajar ke karɓa, in ba haka ba tana iya ƙonewa nan take.

Soket ɗin yana da fiyus, yawanci 10A ko 15A, wato wat 120 zuwa 180. In fiyus ya tsinke, a sa irinsa daidai. Kada wani ya ɗaura maka waya a madadinsa, don ta haka gobara ke tashi a mota. Masu Adaidaita Sahu da masu babur da ke haɗa caja kai tsaye da batir, ku ma a sa muku fiyus a tsakani.

Abu biyu kuma: ka tayar da mota tukuna kafin ka jona waya, saboda lokacin tayarwa wuta kan yi sama da ƙasa. Sannan a wasu motocin soket na nan da wuta ko an zare makulli, don haka ka cire cajar in motar za ta daɗe a ajiye.

ZAFI

Babban abokin gabar batirin waya shi ne zafi. Apple ma ya ce a yi amfani da iPhone tsakanin digiri 0 zuwa 35. Mu kuwa a Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Zinder, watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40, balle a ce waya na manne da gilashin gaba rana na dukanta, tana caji mai sauri, taswira na aiki. Da kanta za ta rage saurin cajin don kare kanta, kai kuma ka zargi caja. In haka na faruwa kullum, batir zai gaji da wuri, wani ma ya kumbura.

Ka ajiye ta inda rana ba ta kaiwa, ko gaban iskar AC. In rigarta mai kauri ce, cire ta. Kuma ka sani, kowace waya takan rage sauri in ta kai wajen kashi 80 cikin 100. Haka aka tsara ta, ba lalacewa ba ce.

IN KA JE SHAGO

Kafin ka fita daga gida, duba jikin cajar da wayarka ta zo da ita, ko shafin kamfanin, ka san wat nawa take ɗauka da wane yare. Ka je da batirinka ƙasa da rabi, don a lokacin ne saurin ke bayyana. In da hali, a gwada a mota a gabanka. Yawancin wayoyin Android sukan rubuta a allo cewa caji mai sauri ake yi. iPhone ba ta rubutawa, sai ka duba agogo ka ga nawa ta ƙaru cikin minti goma.

Ka lura ko cajar ta zauna daram a soket, don in tana rawa, kowane rami a titi zai katse cajin. Ɗumi kaɗan ba komai, amma in ta yi zafin da ba za ka iya riƙewa ba, ko kana jin ƙauri, ko allon wayarka ya fara danna kansa, cire ta nan take.

Ka karɓi rasit, ka tambayi garanti. A Najeriya, dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta bai wa mai saye damar mayar da kayan da suka zo da lahani. Mu matasa ba mu cika neman haƙƙinmu a irin waɗannan ƙananan abubuwan ba, shi ya sa jabun kaya ke ci gaba da samun kasuwa. Araha dai ba ta ado.

Ga yawancinmu, caja mai bakin USB-C na PD wat 30 da PPS, da ƙarin baki ɗaya na QC 3.0, da igiya mai kyau, ta wadatar. Mai kwamfuta ya nemi baki ɗaya da ke ba da wat 65 shi kaɗai.

Don Allah, direbobi, ku jona waya kafin ku hau titi, ba kuna tuƙi kuna laluben igiya ba.

Ku faɗa mana irin wayar da kuke riƙe da ita da cajar da kuke amfani da ita a mota, za mu ɗauki wasu mu amsa a shiri na gaba. Wanda ya san direba, ya tura masa. Sai mun sake haɗuwa, Allah Ya kai mu lafiya.