Kunkuru a Ɗaka: Ɗumi da Haske Su Ne Ransa

Babban kunkurun nan da masu kiwo a Amurka da Turai ke kira sulkata ɗan yankinmu ne. Mazauninsa na asali shi ne Sahel, daga Senegal zuwa Mali da Nijar da Chadi har Sudan, kuma a duniya kunkurun Galapagos da na Aldabra ne kawai suka fi shi girma. Tun shekarar 2000 yarjejeniyar CITES ta hana fitar da wanda aka kamo a daji domin sayarwa. To amma duk inda aka ajiye shi, ko a Landan ko a falon Kano mai tayil da na'urar sanyaya ɗaki, yanayin Sahel jikinsa ke nema.

Dalili kuwa shi ne kunkuru ba ya samar da ɗumin jikinsa da kansa, daga rana yake aro. Idan ya yi sanyi, abinci ba ya narkewa a cikinsa, sai ya daina ci, majina ta biyo baya. Wannan nau'in ba ya barcin hunturu irin na wasu kunkuran Turai, saboda haka mai shi kada ya ga ya lafe ya zaci hutawa yake yi.

Ya kamata makwancinsa ya kasu biyu. A gefe guda a rataya fitilar ɗumi, inda zafi zai kai digiri 35 zuwa 38 a ma'aunin Salshiyos. Ɗaya gefen ya tsaya wajen digiri 26, da ɗan kogon da zai ɓuya. Da haka zai zaɓi abin da jikinsa ke so, kamar yadda yake yi tsakanin rana da raminsa. Da dare kada a bari ya sauka ƙasa da digiri 20. In aka ɗauke wuta a daren hunturu, gorar ruwan ɗumi da aka naɗe da tsumma ta wadatar, amma kaskon gawayi a rufaffen ɗaki halaka ne.

Bayan ɗumi sai haske. Da hasken rana nau'in UVB fatarsa ke haɗa bitamin D3, wanda in babu shi sinadarin kalsiyam ba ya shiga ƙashi, sai ƙoƙon bayansa ya yi laushi ya karkace. Gilashin taga yana tare wannan haske. A riƙa fitar da shi hantsi, ko a sa masa fitilar UVB, a kuma sauya ta bayan wata 6 zuwa 12, domin ƙarfinta na raguwa ko da tana ci.

Hausa ta bambance kunkuru da kififiya, kuma akwai hikima a nan: kififiya ce ta ruwa, shi kuwa nutsewa yake yi. Duk da haka ƙaraminsa na bukatar laima, domin bushewa na sa ƙoƙonsa ya yi tudu-tudu. A jiƙa shi cikin ruwan ɗumi marar zurfi na minti 15, a kuma yayyafa wa ƙasar kogonsa ruwa. Abincinsa ciyawa ne da ganye. Nama da yawan 'ya'yan itace cutarwa ne. A wanke hannu bayan taɓa shi, saboda yana ɗauke da ƙwayar salmonela.

Mai karatu, dabba ce da ba ta kuka balle ta kai ƙara, kuma tana iya haura shekara 50 a raye. Wanda ya saya wa ɗansa ita yau, ya sani amana ya ɗauka da mai yiwuwa jikokinsa ne za su gada.