Murfin Tanki Mai Makulli da Matsalar Zuƙe Man Mota

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta zarce naira 1,000 a wurare da dama. Ke nan tankin ƙaramar mota mai cin lita 50, idan aka cika shi, dukiya ce da ake bari ta kwana a ƙofar gida, ba abin da ya tsare ta sai murfin da kowane hannu ke iya murɗewa. A Burumburum da sauran garuruwan Tudun Wada, Doguwa, Kiru da Bebeji, asarar ta wuce ta kuɗi kaɗai, domin direban da ya taso daga Kwanar Dangora zai nufi Jos, idan mai ya yanke masa a tsakiyar dajin Falgore, ya shiga halin da kuɗin aljihunsa ba za su fitar da shi nan take ba.

Hanyar satar ba ta da wuya, shi ya sa ta daɗe. Ɓarawo yakan zura tiyo, wato siririn bututun roba, ta bakin tanki har ya taɓa mai, sa'annan ya zuƙa da baki, da zarar man ya taso sai ya maida ɗaya bakin cikin jarkar da ya ajiye a ƙasa. Muddin jarkar tana ƙasa da tankin, man zai ci gaba da kwarara da kansa, ba ƙara ba motsi, kuma mai motar ba zai ga alamar komai da safe ba sai allurar mai da ta kwanta. Man da aka zuba a kwalba kuwa ba shi da shaida, saboda haka ba wuya ya saje da na 'yan bumburutu, masu sayar da mai a bakin titi, waɗanda da yawansu daga gidan mai suke saro hajarsu. Mai zuƙar ma yana wasa da ransa, tun da fetur kaɗan idan ya sarƙe mutum ya shiga huhu yakan jawo mummunan kumburi.

Murfi mai makulli ya yi kasuwa sosai a Amurka lokacin ƙarancin man 1973, bayan ƙasashen Larabawa masu arzikin mai sun dakatar da sayar mata da shi. Irin wanda aka fi sani, idan an kulle shi, samansa yakan yi ta juyawa a banza ba tare da ya kama zaren da ke ɗaure da bakin tanki ba, sai an sa makulli sassan biyu suke haɗuwa. Amfaninsa shi ne ɓata wa ɓarawo lokaci, domin wanda ya zo aikin minti biyu cikin duhu ba ya son abin da zai sa shi bugu da ɓalle ƙarfe, gara ya wuce zuwa motar da aka bari sake. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Haka kuma murfin yana hana mai mugun nufi zuba ruwa ko yashi a tanki.

Sai dai ƙofa ɗaya kawai yake tsarewa. Sababbin motoci da yawa suna da wani maƙogwaro a wuyan tanki da ke hana tiyo wucewa, abin da ya sa wasu ɓarayi a ƙasashen waje suka koma huda tankin ta ƙasa, ɓarnar da gyaranta ya fi man tsada. Babur kuwa, wanda shi ne abin hawan yawancin mutanen karkara, da ma murfinsa da makulli yake zuwa, amma ana iya zare robar da ke kai mai daga tanki zuwa kafireta a tsiyaye shi tas. Injin ban ruwan masu noman rani, irin na kewayen madatsar Tiga, maganinsa kada a bar shi ya kwana a gona da mai a ciki. Inda murfin ya fi biyan kuɗinsa shi ne tsofaffin motocin haya, da a-kori-kura, da manyan motoci masu tankin gas a gefe.

Wajen saye ma akwai lura, domin aikin murfi ba rufewa kaɗai ba ne, yana kuma daidaita iskar cikin tanki. Wanda bai dace da motar ba yana iya barin mai ya riƙa tserewa ta tururi, ko ya toshe iska har tsohuwar mota ta dinga shaƙewa tana mutuwa a hanya, a sabuwa kuma ya kunna fitilar gargaɗin inji. Saboda haka mai mota ya tafi da tsohon murfinsa wurin masu sayar da kayan gyara a gwada, ya sa bakanike ya duba robar da ke zagaye da bakinsa, sa'annan ya ajiye makulli na biyu a gida.