AMSOSHIN WASIƘUNKU: Gwangwanin Kifi Ɗaya, Baki Takwas

Kamar yadda muka saba, ga amsar da muka bayar a rediyo mun kawo ta a rubuce, saboda wanda aikin gona ya hana shi ji, ko kuwa batir ya mace masa ana tsakiyar shiri.

Wasiƙar farko ta fito daga wata uwargida a wani ƙauye na ƙasar Bakori, Jihar Katsina. Ta ce su takwas ne a gida. Da damina kowa yana gona, kasuwarsu sai mako-mako take ci, nama kuwa in an samu ba ya kwana biyu tunda babu firji. Maigida yakan sayo kifin gwangwani, amma surukarta ta ƙi ci, ta ce duk kifin da ya shekara bai ruɓe ba, magani aka zuba masa. Tana so ta san gaskiyar wannan magana, kana tana tambayar yadda za ta yi gwangwani ɗaya ya ratsa tukunyar mutum takwas. Wasiƙa ta biyu daga wani mai tireda ce a Maigatari, Jihar Jigawa. Shi kuma ya ga waɗansu gwangwanayen cikin kayansa sun kumbura, yana tambaya ko ya karya farashi ya rabu da su.

To, madalla. Mun gode muku. Bari mu fara da maganar Iya, don ita ce babba.

BA MAGANI BA NE, WUTA CE

Malama, ki gai da Iya, ki ce mata tsoronta yana da dalili, domin ita ta san ɗanyen kifi ba ya yini a rana. Sai dai abin da ke tsare na gwangwani zafin wuta ne da rufi. Ana wanke kifin, a cire kai da kayan ciki, a jera shi cikin gwangwani, a zuba mai da gishiri ko miyar tumatir, a liƙe bakin yadda iska ba za ta shiga ba. Daga nan sai a dafa shi a rufe cikin wata babbar tukunyar tururi, da zafin da ya kai digiri 115 zuwa 121, alhali kuwa ruwan da ke tafasa a murhunki digiri 100 yake tsayawa. Wannan zafi yana kashe ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da abinci, rufin kuma ya hana waɗansu shiga. Shi ya sa yake daɗewa.

Dabarar ba ta yau ba ce. Wani Bafaranshe mai suna Nicolas Appert ne ya gano ta da kwalabe, har gwamnatin Faransa ta ba shi ladar faran 12,000 a shekarar 1810. A wannan shekara kuma wani ɗan kasuwa a Ingila, Peter Durand, ya yi rajistar yin haka da gwangwanin ƙarfe. Yawancin sardin da muke gani a kasuwanninmu, irin su Titus, daga ƙasar Maroko yake zuwa, inda ake kama shi a Tekun Atlantika ana sarrafa shi a garuruwa irin su Agadir da Safi. Ki sa yaro ɗan makaranta ya karanta wa Iya abin da aka rubuta a jikin gwangwanin sardin, za ta ji kifi ne da man girki da gishiri. Kifi kuwa, kamar yadda kowa ya sani, ba ya bukatar yanka.

ABIN DA KE CIKIN GWANGWANI

Iri biyu muka fi sani. Akwai sardin mai mai, a shafaffen gwangwani mai nauyin giram 125. Akwai kuma mai miyar tumatir, wanda kowa ke kira Geisha ko da wani kamfani ne ya yi shi, ƙarami da babba. Abin gina jiki da ke cikin gwangwanin sardin ɗaya ya kai na ƙwai uku. Ƙayarsa kuma ta yi laushi da dahuwa, kada ki tsince ta ki zubar, ki murƙushe ta a ciki, domin tana ƙara ƙarfin ƙashi da haƙori, musamman ga yara da mai ciki da mai shayarwa.

Amma fa a yi lissafi. Ƙwai uku a tsakanin mutum takwas ba wani abin kirki ba ne. Saboda haka kada ki ɗauki kifin nan a matsayin nama da za a raba tsoka-tsoka. Ki ɗauke shi kamar daddawa, wato abin da ke ba tukunya ɗanɗano da ƙamshi, ki bar wa wake da gyaɗa da ganye aikin ƙosarwa da gina jiki. In kin riƙe wannan, kin riƙe amsar tambayarki.

Ga ƙa'idoji uku. Na ɗaya, kada ki zubar da man da ke ciki, da kuɗi aka saye shi. Ki tsiyaye shi a tukunya ki soya albasa da shi, nan ɗanɗanon kifin yake bin kowace ƙwayar shinkafa. Na biyu, ki marmasa kifin da cokali ya yi laushi, yadda ba za a yi rigimar wa ya samu wa bai samu ba. Na uku, kifin dafaffe ne, sai ana saura minti biyar a sauke za ki zuba shi. In ya daɗe a wuta narkewa yake yi, ƙarni ya tashi.

GIRKI HUƊU NA SAURI

Dafa-dukan shinkafa da wake. Ki jiƙa wake gwangwanin madara uku tun da dare, don kada ya ci miki itace. Da safe ki dafa shi ya kusa nuna, ki ajiye. Ki soya albasa biyu da man kifin, ki ƙara ludayin miya ɗaya na manja ko man gyaɗa, ki zuba jajjagen attaruhu da tumatir, ko kauɗar tumatir da kika jiƙa, da daddawa. Ki tsai da ruwa, ki zuba shinkafa gwangwanin madara shida da waken. Ruwa ya kusa tsotsewa sai ki barbaɗa kifin da yankakken alayyahu a sama, ki rufe ya turara, ki juya ki sauke.

Taliya. Ranar da aka dawo daga gona a gajiye, wannan ita ce mafita. Soya albasa da kayan miya kamar na sama, tsai da ruwa, zuba taliya leda biyu ko 'yar murji daidai haka, sa kifi da kabeji ko zogale a ƙarshe. In wuta na ci sosai, minti 20 zuwa 25 an gama.

Kwaɗo. Damina ce, ganye ba sai an saya ba. Ki dafa zogale ko rama ko tafasa, ki matse, ki daka ƙuli-ƙuli da barkono, ki yanka albasa da tumatir, ki juye kifin har da mansa ki cakuɗa. In kina so ya riƙe ciki, ki yayyafa wa garin kwaki ruwa ya yi taushi ki haɗa. Wannan ya dace da kai wa ma'aikata gona, amma a ci shi da zarar an kai, kada a ajiye shi a gindin bishiya har la'asar.

Faten tsaki. Nan mai miyar tumatir ya fi dacewa. Ki yi fatenki yadda kika saba, da dakakkiyar gyaɗa da yakuwa ko rama, ki juye ƙaramin gwangwani ɗaya dab da saukewa. Tsofaffi marasa haƙori da yaran da suka fara cin abinci duk za su sha. Ina jin ma ta nan za ki shawo kan Iya.

Abu ɗaya a kula: kifin nan yana da gishirinsa. Ki rage gishiri da magi, sai kin ɗanɗana tukuna, balle in akwai mai hawan jini a gida.

IN AN BUƊE, ALƘAWARI YA ƘARE

Duk tsaron da na faɗa yana nan ne muddin gwangwani yana rufe. Da zarar an fasa shi, ya koma kamar kowane dafaffen kifi. Ni kaina na sha wannan darasi. Muna kwalejin horon malamai, na ci rabin gwangwani da garin kwaki da dare, na tura sauran ƙarƙashin gado don tattali, ga shi ana zafin bazara. Da safe na ƙarasa shi. Kwana biyu ban shiga aji ba, kuɗin magani kuma ya fi na gwangwani uku. Inda babu firji, a buɗe, a dafa, a cinye a ranar. Gwangwanin kuma a take shi a binne, kada ya yanke ƙafar yaro ko ya tara ruwan sama sauro ya hayayyafa.

GA MAI TIREDA

Malam, amsarka a taƙaice ita ce a'a. Kumburin gwangwani alama ce cewa ƙwayoyin cuta suna iya kasancewa da rai a ciki suna fitar da iska. Akwai wata daga cikinsu da ke haifar da guba mai shanye jiki. Wanda ya ci yakan fara gani bibbiyu, fatar ido ta yi nauyi, haɗiya ta gagara, galibi cikin awa 12 zuwa 36, kuma tana iya tsai da numfashi. Ba kasafai take faruwa ba, amma in ta faru sai asibiti da gaggawa, ba jiƙo ba. Ba kullum take wari ba, saboda haka shinshinawa ko ɗanɗanawa ba gwaji ba ne. Kada ka sayar, kada ka bayar sadaka, kada ka ba kaji ko kare. Ka mayar wa dilan da ya sayar maka, in bai karɓa ba ka binne. Asarar gwangwani goma ta fi sauƙi a kan a ce kayanka ne suka kwantar da gidan maƙwabcinka.

Nan gaba in za ka yi sari, kai da masu saye ku duba abu huɗu: kada ya kumbura, kada ya yi yoyo ko tsatsa mai zurfi, kada ya lotse a wajen liƙin baki, kana a duba kwanan wata. Wanda ke gaban haruffan EXP ko BB shi ne ranar ƙarewa, wanda ke gaban MFG ko PROD kuwa ranar yi ce. A nan Nijeriya a nemi lambar rajistar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna da aka kafa a 1993. Kada ka jera gwangwanaye a rana kan tebur, ko ka ajiye kwali a ƙasa mai laima. Tsohon kaya a gaba, sabo a baya.

Daga ƙarshe, Malama, kada in yi miki tallar da ba a sa ni ba. Kifin gwangwani ya yi tsada, kuma ranar kasuwa mai yiwuwa busasshen kifi ko awara ko ƙwai su fi shi araha, sai ki gwada kuɗin ki gani. Amfaninsa shi ne yana jira: ranar da hanya ta yanke saboda ruwa, ko baƙo ya sauka bayan magariba, ko itace ya jiƙe. Ki ajiye biyu a inuwa saboda irin wannan rana.

A ci gaba da aiko mana da wasiƙu, a rubuta sunan gari sosai yadda zai karantu. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa wa kasuwa albarka. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.