Tafkin Tabalak, wurin shaƙatawa na ƙasar Adar

In ana zancen yawon buɗe ido a bakin ruwa cikin ƙasar Nijar, hankalin jama'a yakan koma ga Gandun Dajin W, wanda aka kafa a shekarar 1954 a kudu da birnin Yamai. Gandun ya samo sunansa daga yadda kogin Isa, wanda waɗansu ke kira Kwara, ya yi kwana-kwana kamar harafin W. Ɓangaren Nijar kaɗai ya kai hekta 220,000, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin kayan gadon duniya a 1996. Sai dai daga Tawa zuwa Yamai tafiyar ta wuce kilomita 500, kuma rashin kwanciyar hankali na shekarun nan ya tsai da baƙi daga zuwa can. To, mutumin Adar da ke son ya kai iyalinsa su ga ruwa da tsuntsaye, ina zai dosa? Wurin yana kusa da gida, shi ne tafkin Tabalak.

Inda tafkin yake

Tabalak tana gundumar Abalak, kimanin kilomita 50 arewa maso gabas da birnin Tawa, a kan babbar hanyar da ta nufi Agadas da Arlit. Ƙasa ce wadda ruwan samanta bai cika wuce milimita 400 a shekara ba, saboda haka matafiyi yakan yi mamaki in ya fito daga cikin tuddai da fako ya tarar da ruwa shimfiɗe cikin kwari. Babu wani babban kogi da ke zuba cikinsa. Ruwan damina ne ke gangarowa daga tuddai ta cikin ƙoramu, ya taru a nan, ya daɗe bayan ƙananan tafkuna sun ƙafe.

Ran 16 ga watan Satumba na 2005 aka rubuta tafkin cikin jerin wuraren ruwa masu daraja ga duniya, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971, wadda Nijar ta shiga a 1987. A rana ɗaya aka rubuta shi da tafkin Ɗan Dutsi, shi ma a jihar Tawa. Wannan rajista ba ta kori kowa daga bakin ruwa ba. Abin da ta ɗora wa hukuma da talakawa shi ne a ci moriyar tafkin da hankali, yadda na baya za su tarar da shi.

Abin da baƙo zai gani

Lokacin da ya fi dacewa da ziyara shi ne na ɗari, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A sannan ruwa bai ja da baya sosai ba, zafin rana da sauƙi, kuma tsuntsayen da ke gudun sanyin ƙasashen Turai sun iso bayan sun ƙetare bahar Rum da hamadar Sahara. Wanda ya yi sammako ya bi gefen ruwa da ƙafa zai ga agwagin ruwa garke-garke, da zalɓe tsaye cikin ruwa yana dakon kifi, da balbela tana bin shanu, da ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu suna tonon laka.

Amma ba tsuntsaye kaɗai ke da tafkin ba. Masunta suna fita da koma da ƙugiya su kamo tarwaɗa da karfasa, kifin kuwa yana kaiwa har kasuwar Tawa. Inda ruwa ya janye, masu noman rani suna bin danshi da albasa da tumatir da sauran kayan lambu. Da hantsi kuma makiyaya, Abzinawa da Fulani, sukan kawo shanu da raƙuma da tumaki shan ruwa. Ɗan makaranta zai koyi abubuwa cikin yini ɗaya a nan waɗanda allo ba zai nuna masa ba. Gani ya kori ji.

Ladabin yada zango

Wanda ke nufin kwana a bakin tafki, ya fara gabatar da kansa ga magajin gari da mai gari da ma'aikatan gandun daji, ya kuma tambayi jami'an tsaro halin da hanya take ciki kafin ya bar Tawa. Baƙo ko da ido makaho ne, don haka ya nemi ɗan gari ya yi masa jagora. Kada a kafa tanti cikin ƙorama, musamman da damina, domin ruwan da aka yi a kan tudu mai nisa yana iya saukowa da dare ba tare da an ga hadari ba. Kada kuma a tare burtali, ko a taka lambun mutane.

A zo da ruwan sha daga gida, ko a tafasa wanda aka ɗiba. A hana yara wanka cikin ruwan kwance, domin a irinsa ake ɗaukar tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini. A kwana cikin gidan sauro. In an hura wuta, a yi ta da busasshen icce, a kashe ta ƙurmus kafin a tashi, gama gobarar daji ɗaya tana iya cinye ciyawar da dabbobin ƙauyuka da yawa za su ci har faɗuwar ruwa. Dokar farauta ta 1998 ta hana harbin namun daji da tsuntsaye sai da takardar izini. Leda da gwangwani kuwa, wanda ya zo da su ya koma da su.

Babban abokin gaba

Abin da ya fi yi wa tafki irin wannan barazana shi ne yashi. In aka sare itatuwan tudu, ƙasa ta zama fako, ruwan sama ba ya samun abin da zai tare shi. Sai ya kwaso yashi da laka ya zuba cikin kwari, iskar hunturu kuma ta ƙaro nata. Kowace shekara zurfin tafki yana raguwa, alhali rana da iska a wannan yanki suna iya shanye ruwa mai zurfin fiye da mita 2 cikin shekara ɗaya. Tafkin da ya cike da yashi yana saurin ƙafewa. Ranar da ya ƙafe, masunci da manomi da makiyayi duk sun yi hasara, baƙon tsuntsu kuma ya sake masauki.

Maganin wannan ciwo a kan tudu yake, kuma mutanen Adar sun san shi. Aikin raya karkara na Keita, wanda aka fara a 1984 da taimakon ƙasar Italiya da hukumar FAO, ya dasa itatuwa kimanin miliyan 18, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan nauyin aikin. A yankin Illela manoma sun farfaɗo da fako ta hanyar tassa da ramukan rabin wata. Jera duwatsu a gangare, da dasa icce a bakin ƙorama, da kafe tudun yashi da shinge, su ne ke rage gudun ruwa har ya iso tafki babu kaya a kansa.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da malaman makaranta da na yaƙi da jahilci, su riƙa shirya wa ɗalibansu ziyara zuwa Tabalak, ko da sau ɗaya a shekara. Ranar 2 ga Fabrairu, wadda duniya ta keɓe domin wuraren ruwa, ta faɗo daidai lokacin da tsuntsaye suke nan. Ranar 3 ga Agusta kuma, ranar dashen icce, a koma a dasa a gangaren da ke zuba cikin tafkin. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Allah ya ba mu damina mai albarka.