GARKEN AGWAGI: A TOSHE ƘASA, A TSARE GEFE, A RUFE SAMA

A ƙauyukan Damargu, daga Tanut har Balbeji, mata da yawa suna kiwon agwagi a bayan ɗaki. Agwagwa asusu ce mai tafiya da ƙafafunta. In yaro ya kwanta ciwo, ko rumbu ya yi ƙasa kafin sabon hatsi, sai a kai ɗaya kasuwar Bakin Birji ko ta Gangara, a samu kuɗin magani ko na tiyar gero.

Amma asusun nan yana da ɓarayi. Agwagwar da muka saba kiwo, mai jan nama a fuska, tana kwanci kwana 35, kaza kuwa kwana 21 ne. Takan ƙyanƙyashe ƴaƴa 10 ko fiye. Sau da yawa kafin wata ɗaya ya cika, sai a ga saura biyu ko uku. Mai su ta ce ciwo ne ko baki. In an duba da kyau, mafi yawansu ɗauke su aka yi.

Su wane ne ɓarayin?

Maƙiyan agwagi ta hanya uku suke zuwa. Dila da yanyawa da kare suna tono ta ƙarƙashin shinge. Muzuru da tunku da maciji suna kurɗawa ta kafa, ko su hau ta gefe. Shirwa da shaho da hankaka kuwa ta sama suke faɗowa da rana, su sure ƙanana. Wanda ya toshe hanya biyu ya bar ɗaya, bai yi komi ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Zaɓen wuri da awo

A zaɓi wuri mai ɗan tudu a cikin gida, inda ruwan damina ba ya kwanciya. Ya yi nisa da rijiya da randa da madafa. In da itaciya mai inuwa kusa, madalla, amma a lura kada reshenta ya zama tsanin muzuru.

Don toro 1 da mata 5 da ƴaƴansu, a auna fili mai tsawon kamu 8 da faɗin kamu 6. Kamu 2 na babban mutum kusan mita 1 ne. A kusurwa ɗaya a ware wurin ɗakin kwana, kamu 4 a kan kamu 3.

Na ɗaya: a toshe ƙasa

Nan ne babban aiki, kuma nan ne mutane suka fi yin sakaci. Ƙasarmu rairayi ce. Abin da dila zai kwana yana tono a ƙasar laka, a nan cikin ɗan lokaci zai gama shi. Saboda haka a gina rami kewaye da filin duka, zurfinsa kamu 1. A cika shi da duwatsu da laka, a daddale sosai. A kan wannan tushe za a ɗora gini.

In dutse ya yi wuya, ga wata dabara. A shimfiɗa ragar waya a kwance a gindin katanga ta waje, faɗinta kamu 1, a rufe ta da ƙasa. Dila a gindin katanga yake fara tono. Da faratansa sun ci karo da waya, sai ya haƙura. Ba ya tunanin ja da baya ya sake farawa daga nesa.

Na biyu: a tsare gefe

Katangar laka ta fi komi sauƙi, don kayan aikinta suna wurinmu. A tayar da ita kamu 3, a yaɓe ta sumul ciki da waje, yadda farce ba zai samu wurin kamawa ba. Zana da dangar kara suna tare ido, amma ba sa tare tunku. Shingen ƙayar magarya ko ta aduwa yana da amfani in an kewaya shi ta waje, don ya hana kare matsowa. A yi sassabe kaɗan kaɗan, kada a kashe itace, don itace ya yi mana ƙaranci.

Wanda zai sayi ragar waya, ya gwada ta da yatsansa. In yatsa ya shige cikin idon ragar, ƙaramin maciji da ɓera ma za su shige. Raga mai ƙananan idanu ita za a sa daga ƙasa. Mai manyan idanu a bar ta don rufin sama.

Na uku: a rufe sama

A gitta sanduna a kan katanga, a shimfiɗa raga a kai. Wanda ba shi da halin sayen raga ya tufka igiyar kaba, ya saƙa ta kusa da kusa, yadda shirwa ba za ta iya ware fikafikanta ta sauka ba. A rufe rabin filin da zana, don zafin bazara yana kashe ƙanana. Rufin nan yana hana agwagin tashi su fita, domin matan suna iya tashi sama. Kada a ɗauki sangen da aka bayar don kare yara daga sauro a yi rufi da shi. Ran yaro ya fi agwagwa.

Ɗakin kwana da ƙofa

Ƙofar ɗakin kwana ta dubi yamma ko kudu, don hadari daga gabas yake tasowa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas. A bar ƙananan tagogi can sama, a rufe su da raga. Murfin ƙofa ya zama na katako ko na kwano, ya zauna daram ba kafa, a sa masa sakata. A zuba ƙaiƙayi ko busasshen yashi a ƙasa, a riƙa sauyawa.

Kowace rana, kafin kiran sallar magariba, a ƙirga agwagi, a shigar da su, a kulle. A ɗora wa mutum ɗaya wannan aiki. Kada a bar sauran abinci ya kwana a fili, shi ke kiran gafiya da ɓera.

Ruwa da lafiya

Ruwa yana da tsada a Damargu, amma wannan agwagwa ba dole sai da tabki ba. Abin da take bukata shi ne kasko mai zurfin da za ta tsoma kanta duka, ta wanke hanci da idanu. A kaskon ƙanana a zuba ƴan duwatsu, kada su nutse.

Garke yana tsare lafiyar gida ma. A watan Fabrairu na 2006, a Magarya, cikin jaharmu ta Damagaram, aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Nijar, kuma a jikin agwagin gida aka same ta. Agwagwa tana iya ɗauke da cuta ba ta nuna alama ba, ta shafa wa kaji. Saboda haka a raba makwancinsu da na kaji. Wadda aka sayo daga kasuwa a ware ta sati 2 kafin a haɗa ta da sauran. In tsuntsaye suka fara mutuwa da yawa a lokaci ɗaya, kada a ci, kada a sayar. A sanar da ma'aikatan kiwo na Tanut ko na Balbeji nan da nan. Yara su wanke hannu da sabulu bayan sun share garke. Kashin da aka share kuwa taki ne mai kyau ga gona.

Lokacin aiki

A yi ginin da rani, bayan an gama shigar da hatsi, lokacin da laka ke bushewa da sauri. Kowane sati a zaga gindin katanga a duba sawu da alamar tono. Bayan kowane ruwa mai ƙarfi a yaɓe inda ya zaga, a duba sandunan rufi ko gara ta taɓa su.

Ƴan uwa masu karatu, ku karanta wa maƙwabtanku wannan shafi. In gida uku ko huɗu suka yi gayya, wasu na kwaɓa laka, wasu na ɗauko dutse, cikin ƴan kwanaki kowa zai samu garkensa. Allah ya sa albarka a kiwo.