Jirgin Hurricane a Hannun Maƙerin Ƙofar Ruwa

A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, tun daga shekarar 1940, jiragen yaƙin Ingila masu suna Hurricane suka riƙa sauka Kano. A Takoradi ake harhaɗa su, su biyo ta Ikko, su sha mai nan, su wuce Maiduguri da Hartum har Masar.

To, maƙerin da ya sayi gwangwani da waya a kasuwar Ƙofar Ruwa domin ya ƙera ɗan ƙaramin kwatancin jirgin nan, awo zai fara kiyayewa. Fikafikansa ƙafa 40 ne baki da baki. In an kasa 48, inci 10 ke nan cif. Kowace gaɓa da lissafin nan za a bi ta, tamkar rabon gado.

Fatar gangar jikinsa ta baya yadi ce, an ɗame ta bisa haƙarƙarin katako, tilas layukan su fito. Ƙarƙashin hanci kuwa akwai matatar ƙura, saboda yashin hamada. Wanda ya mance ta jirgin sanyin Ingila ya ƙera, ba wanda ya keta hazon Kano ba.

Malamai ba su hana surar abin da ba shi da rai ba. Kujerar matuƙi dai, mai taƙawa yakan bar ta wayam.