DAREN ZAƁEN 'YAN WASA: DARASIN DA NA KOYA

Gabatarwa

A wannan 'yar maƙala zan yi bayani a kan wata al'ada ta ƙwallon Amurka, wato ƙwallon nan mai siffar ƙwai wadda ake runguma a ruga da ita. Al'adar ita ce zaɓen sababbin 'yan wasa da gasar NFL take yi duk shekara a ƙarshen watan Afrilu. Zan kuma faɗi yadda zaɓen ya taɓa kunyata ni.

Yadda Ake Zaɓen

Mu da muka saba da ƙwallon ƙafa mun san cewa mai kuɗi shi ke sayen gwani. A NFL ba haka ake ɗaukar matasa ba. Tun shekarar 1936 aka tsara cewa ƙungiyoyi su riƙa ɗaukar 'yan wasan jami'o'i bi da bi. A yau ƙungiyoyin 32 ne, zagayen zaɓen kuma 7 ne, ana yin su cikin kwana 3. Ƙungiyar da ta zo kutal a kakar bara ita ke fara zaɓe, zakara kuwa sai a ƙarshen zagaye. Hikimar ita ce kada masu ƙarfi su yi ta ƙara ƙarfi, raunana su dawwama a ƙasa. Akan kuma yi musayar gurbin zaɓe tsakanin ƙungiyoyi. Ta wannan hanya ce ƙungiyar Houston ta ɗauki Amobi Okoye, haifaffen jihar Anambara, a matsayi na 10 a 2007, yana ɗan shekara 19.

Abin Da Ya Faru Da Ni

Ni magoyin bayan Philadelphia Eagles ne. A 2020, lokacin kullen korona, na hana idona barci don jin wanda za mu ɗauka, domin idan aka fara da yamma a can, mu nan dare ya raba. A zagaye na 2, matsayi na 53, sai na ji an kira Jalen Hurts. Shi mai jefa ƙwallo ne, wato jagoran da ke tsara kai hari. To, muna da Carson Wentz a wannan gurbi, kuma a 2019 aka sabunta masa kwantiragi na maƙudan kuɗi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce an yi asarar gurbi, na kashe waya na kwanta ina tsaki.

Mai karatu, ka san yadda ta kaya? Kafin kakar ta ƙare Hurts ya karɓe gurbin, aka miƙa Wentz ga wata ƙungiya a 2021. A watan Fabrairun 2025 Eagles ta doke Kansas City da ci 40 da 22 a wasan ƙarshe na Super Bowl, Hurts ne kuma aka ba kyautar gwarzon wasan.

Ba ni kaɗai na taɓa wannan gaggawa ba. A 1999 magoya bayanmu sun yi wa Donovan McNabb ihu ranar da aka zaɓe shi, daga baya ya kai su wasan ƙarshe. Tom Brady sai a matsayi na 199 aka ɗauke shi a 2000, amma ya ci kofin sau 7. JaMarcus Russell kuwa, wanda ya zo na 1 a 2007, kaka 3 kawai ya buga.

Kammalawa

Dalili shi ne abin da ake aunawa kafin zaɓe, kamar gudu da tsayi da ƙarfi, ba ya nuna haƙurin yaro, ko dacen mai horarwa, ko raunin da zai same shi. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Ni dai na ƙara da cewa kushe ma bai kamata a yi gaggawarsa ba. Har yanzu ina raba dare a Afrilu, amma bakina sai bayan kaka uku.